KIWON LAFIYA: Macijin Ciki Da Kumburin Fankiriyas

A garin Gombe, daga Jekadafari har Pantami, da zarar mutum ya yi kukan ciwo a saman cikinsa sai a ce gyambon ciki ne, a jiƙa masa kanwa. Sau da yawa kuwa ba nan cutar take ba.

A bayan tumbin ɗan Adam akwai wata tsoka da likitoci ke kira fankiriyas. Ita ce ke yin ruwan narkar da abinci, ta tura shi cikin hanji ta wata 'yar siririyar hanya. Macijin ciki, watau doguwar tsutsar nan da kan kai santimita 35, a hanji yake zaune, amma yakan yi yawo. In ya kutsa cikin wannan hanya ya toshe ta, sai ruwan ya rasa mafita, ya juya yana cin tsokar da ta yi shi. Daga nan sai kumburi, wanda in ya yi tsanani yakan kai ga rasa rai.

Wannan ba zato ba ne. A shekarar 1992 likitocin Srinagar ta yankin Kashmir sun bayyana cewa kashi 23 cikin 100 na masu wannan kumburi da suka duba, macijin ciki ne sanadinsa.

Alamominsa su ne ciwo mai tsanani a saman cibiya wanda kan ratsa zuwa gadon baya, da amai, wani lokaci har da tsutsa a cikin aman. Wanda ya ga haka lalle ya bar jiƙe-jiƙe, ya nufi Asibitin Koyarwa na Tarayya ko Asibitin Ƙwararru da ke Gombe, inda gwajin jini da hoton ciki za su nuna abin da ake ciki.

Tsutsar kuwa ta baki take shiga. Macen takan saki ƙwai kamar 200,000 a rana, su fita tare da bayan gida, su komo ta hannu mai dauɗa ko latas da karas da ba a wanke ba. Saboda haka wajibi ne kowane magidanci ya gina masai, a wanke hannu da sabulu kafin cin abinci, a wanke kayan lambu da ruwa mai tsabta. Yara kuma a riƙa ba su maganin tsutsa irin su albendazol bisa shawarar ma'aikatan lafiya. Kuɗin ƙwaya ɗaya bai kai na kwana ɗaya a gadon asibiti ba.