Daƙiƙa 13 da suka sauya dokar ƙwallon ƙafar Amurka

A ranakun Asabar da Lahadi, 22 da 23 ga watan Janairun 2022, ƙungiyoyi takwas na gasar NFL ta ƙwallon ƙafa irin na Amurka suka kara a zagayen kusa da na kusa da ƙarshe, kuma cikin wasanni huɗun babu wanda aka san gwaninsa sai a taɓa ƙwallo ta ƙarshe.

Idan aka haɗa tazarar da ke tsakanin masu nasara da waɗanda suka sha kashi a wasannin baki ɗaya, maki 15 ne kacal.

Ƙungiyoyi uku sun faɗi a gidajensu, ciki har da Tennessee Titans da Green Bay Packers, waɗanda su ne suka zo na ɗaya a ɓangarorin gasar biyu, wato AFC da NFC. Rabon da a fitar da zakarun ɓangarorin biyu a wannan mataki tun kakar wasanni ta 2010.

Ga wanda bai saba kallon wasan ba, kowane gefe na da 'yan wasa 11 a fili. Ƙungiyar da ke riƙe da ƙwallo tana da yunƙuri huɗu na ta ci yadi 10 gaba, in ta kasa sai ƙwallo ta koma hannun abokan hamayya. Wanda ya kai ƙwallo ƙarshen fili, wato gidan abokan karawa, ya sami maki 6. Wanda kuwa ya buga ta da ƙafa ta ratsa tsakanin turaku biyu, maki 3 ne nasa.

Kusan kowane hari yana farawa ne daga hannun mutum guda, wanda Amurkawa ke kira kwatabak. Shi ne madugu: shi ke karanta tsayuwar 'yan bayan abokan hamayya, shi ke jefa ƙwallo, kuma shi ke kwashe kaso mafi tsoka na albashi. A 2020 Patrick Mahomes ya sa hannu a kwantiragin shekaru 10 da Kansas City Chiefs na dala miliyan 450, a 2021 kuma Josh Allen ya sami na shekaru 6 a Buffalo Bills kan dala miliyan 258.

Ganin haka ne ya sa Amurkawa suka ɗauka cewa ƙungiyar da madugunta ya fi taka rawa ita ke cin wasa. Wancan mako bai goyi bayan wannan magana sosai ba.

An kayar da Burrow sau tara

A birnin Nashville aka fara, inda Titans ta karɓi baƙuncin Cincinnati Bengals.

'Yan bayan Titans sun kayar da madugun Bengals, Joe Burrow, har sau tara kafin ya samu ya jefa ƙwallo, adadin da ya yi daidai da mafi yawa da aka taɓa gani a wasannin sili-ɗaya-ƙwale na gasar. Jeffery Simmons kaɗai ya kai shi ƙasa sau uku. A al'ada, ƙungiyar da aka yi wa madugunta wannan irin wulaƙanci ba ta kai labari.

To amma Burrow, wanda ya yi jinyar gwiwa bayan mummunan raunin da ya ji a watan Nuwamban 2020, ya riƙa tashi yana karkaɗe jiki, har ya ci yadi 348 ta hanyar jifa.

Takwaransa Ryan Tannehill shi ne ya ba da wasan. An cafke masa jifa uku: ɗaya a taɓawar farko ta wasan, ɗaya kuma ana saura daƙiƙa 20 a tashi, alhali ana kunnen doki 16 da 16. Burrow ya miƙa wa Ja'Marr Chase jifa guda, sannan Evan McPherson, matashi ɗan shekara 22 da ke kakarsa ta farko, ya buga daga yadi 52. Aka tashi 19 da 16, kuma wannan ne karon farko a tarihin Bengals da ta ci wasan sili-ɗaya-ƙwale a gidan wasu.

Rodgers da ƙanƙarar Lambeau

Da daren wannan rana, a filin Lambeau da ke jihar Wisconsin, cikin tsananin sanyi da zubar dusar ƙanƙara, aka ga abin da ya fi wannan ɗaure kai.

Packers ta ci wasanni 13 cikin 17 a kakar, madugunta Aaron Rodgers kuma yana dab da karɓar kyautar gwarzon ɗan wasa a karo na huɗu. A harinsu na farko suka kai ƙwallo gida cikin sauƙi. Daga nan har aka tashi, maki 3 kawai suka ƙara.

Alƙaluman Rodgers a ranar sun nuna inda gizo ke saƙar. Cikin jifa 20 da suka isa hannun abokan wasansa, 18 sun tafi ne ga mutum biyu, Davante Adams da Aaron Jones. Masu tsaron bayan San Francisco 49ers sun gane haka, suka kuma kayar da shi sau biyar.

Duk da haka, ba za a ce madugun 49ers, Jimmy Garoppolo, ya fi shi ba. Yadi 131 ya ci, an cafke masa jifa ɗaya, kuma 'yan gabansa ba su kai ƙwallo gida ko sau ɗaya ba.

Abin da ya ci wa San Francisco wasa shi ne rukunin 'yan wasan da ke shiga fili lokacin bugun ƙafa kawai, waɗanda galibin 'yan kallo ba su ma san sunayensu ba. Dab da hutun rabin lokaci suka tare bugun Mason Crosby na maki 3. Ana saura ƙasa da minti biyar a tashi, Packers na gaba da 10 da 3, Jordan Willis ya tare wani bugun, ƙwallo ta yi sama ta faɗo, Talanoa Hufanga ya ɗauka ya shige gida da ita. Robbie Gould ya kammala aikin daga yadi 45, aka tashi 13 da 10.

A wannan bugu na ƙarshe, 'yan wasan Packers 10 ne a fili maimakon 11. Ba a daɗe ba ƙungiyar ta sallami kocin da ke kula da wannan rukuni.

Sai dai sallamar koci ba ta wanke Rodgers ba. Karo na huɗu ke nan da 49ers ta fitar da shi daga gasar, ƙungiyar da ya taso yana goyon baya a arewacin Kalifoniya, wadda kuma ta tsallake shi ta ɗauki Alex Smith a zaɓen sababbin 'yan wasa na 2005. Ƙungiyar da ke da gwarzon shekara, ta kuma riƙe abokan karawarta a kan maki 13 a gida, bai kamata ta yi asarar wasa ba. Bai sake buga wasan sili-ɗaya-ƙwale da rigar Packers ba har ya koma New York Jets a 2023.

Saura ƙiris Brady ya maimaita

Washegari a Tampa, Los Angeles Rams ta yi wa masu riƙe da kofi, Buccaneers, fintinkau da 27 da 3.

Duk mai bin wasan ya tuna da watan Fabrairun 2017, lokacin da Tom Brady ya farfaɗo da New England Patriots daga 28 da 3 ya doke Atlanta Falcons a wasan ƙarshe na Super Bowl. Rams kuwa kamar da gangan ta riƙa buɗe masa ƙofa, domin sau huɗu ƙwallo na suɓuce wa 'yan wasanta tana komawa hannun Tampa. Ana saura daƙiƙa 42, Leonard Fournette ya kai ƙwallo gida, wasa ya koma 27 da 27. Brady na da shekara 44 a lokacin.

A nan ne Matthew Stafford, wanda ya shafe shekaru 12 a Detroit Lions ba tare da cin wasan sili-ɗaya-ƙwale ko ɗaya ba, ya biya kuɗin da Rams ta kashe a kansa. Tampa ta tura 'yan bayanta da yawa su far masa, ta bar bayanta a buɗe, shi kuma ya cilla wa Cooper Kupp ƙwallo ta yadi 44. Matt Gay ya buga, aka tashi 30 da 27.

Brady ya ba da sanarwar ritaya ranar 1 ga watan Fabrairun 2022, ya janye bayan kwana 40, ya ƙara kaka ɗaya, sannan ya ajiye wasa baki ɗaya a 2023.

Maki 25 cikin minti biyu

Wasan ƙarshe, tsakanin Chiefs da Bills a filin Arrowhead, shi ne kaɗai madugai biyu suka yi abin da ake biyansu dominsa.

Mahomes ya ci yadi 378 da jifa, Allen 329. Ba a cafke wa ko ɗayansu jifa ba, kuma kowannensu ne ya fi kowa gudu da ƙwallo a ƙungiyarsa. Gabriel Davis na Bills ya karɓi jifa huɗu da suka kai gida, abin da ba a taɓa yi ba a wasan sili-ɗaya-ƙwale.

Ana saura minti ɗaya da daƙiƙa 54, Allen ya sami Davis, Bills ta wuce gaba da 29 da 26. Ba a yi minti guda ba Tyreek Hill ya tsere da ƙwallo yadi 64, Chiefs ta koma 33 da 29. Allen ya sake ratsa fili, ya sake samun Davis, 36 da 33. Agogo na nuna saura daƙiƙa 13.

Abin da ya biyo baya shi ne har yau ke ci wa mutanen Buffalo tuwo a ƙwarya.

Da Bills ta buga ƙwallo gajere yadda dole ɗan Chiefs ya ɗauka ya ruga da ita, da agogo ya ci wasu daƙiƙoƙi. Maimakon haka aka doka ta har ƙarshen fili, Chiefs ta fara daga yadi na 25 ba tare da an taɓa lokacinta ba. Sannan 'yan bayan Bills, waɗanda su ne aka fi kasa ci a duk gasar a kakar, suka ja da baya can nesa suna tsaron doguwar jifa, alhali maki 3 kawai Chiefs ke nema, kuma tana da sauran damar tsayar da agogo. Mahomes ya ba Hill yadi 19, ya ba Travis Kelce yadi 25. Harrison Butker ya buga daga yadi 49, aka tafi ƙarin lokaci.

Dokar wancan zamani ta ce idan ƙungiyar da ta fara karɓar ƙwallo a ƙarin lokaci ta kai ta gida, wasa ya ƙare nan take. Aka jefa kwabo, Allen ya zaɓi gefe, kwabo ya faɗi a ɗaya gefen. Chiefs ta karɓa, Mahomes ya sami Kelce, aka tashi 42 da 36. Allen bai sake taɓa ƙwallo ba.

Mutumin da ya yi jifa tara da suka kai gida cikin wasanni biyu, ba tare da an cafke masa ko ɗaya ba, ya koma gida yana kallon sauran gasar a talabijin. Magoya bayan Chiefs da kansu sun riƙa aika gudunmawar dala 13-13 ga wani asibitin yara na Buffalo.

Muhawarar kwabo

Masu kare tsohuwar dokar na cewa tsaron baya ma rabin wasa ne, kuma ƙungiyar da ta kasa riƙe nasara na daƙiƙa 13 ba ta da bakin zargin kwabo. Akwai gaskiya a nan, kuma mako guda bayan haka suka sami hujja: Chiefs ta sake cin kwabo a kan Bengals, amma aka cafke wa Mahomes jifa, McPherson ya buga, Bengals ta yi nasara da 27 da 24.

Sai dai alƙaluma ba sa tare da su. Daga 2010 zuwa wannan lokaci an yi wasannin sili-ɗaya-ƙwale 12 da suka kai ƙarin lokaci. Wadda ta ci kwabo ta yi nasara a 10, kuma a bakwai daga ciki abokiyar karawarta ba ta taɓa ƙwallo ba. A zamanin da dokoki suka karkata ga masu kai hari, 'yan bayan da suka gaji bayan minti 60 ba kasafai suke iya tsayar da madugu irin Mahomes ba.

Abin lura shi ne Chiefs ɗin ce ta fara kai wannan ƙorafi. A watan Janairun 2019 Brady da Patriots suka yi mata irin wannan, 37 da 31, Mahomes na zaune a benci. Ta nemi a sauya dokar, masu ƙungiyoyi ba su amince ba. Sai a watan Maris na 2022, bisa shawarar Indianapolis Colts da Philadelphia Eagles, suka kaɗa ƙuri'a 29 da 3 cewa a wasannin sili-ɗaya-ƙwale dole kowane gefe ya sami damar riƙe ƙwallo. A 2025 aka faɗaɗa dokar zuwa sauran wasannin kaka.

Kofin wannan kaka dai Rams ce ta ɗauka, bayan ta doke Bengals da 23 da 20 ranar 13 ga watan Fabrairun 2022, a wasan da aka sake kayar da Burrow sau bakwai. A ɓangarorin biyu akwai 'yan asalin Nijeriya, Chidobe Awuzie a Bengals da Ogbonnia Okoronkwo a Rams.

Sabuwar dokar kuwa, karon farko da aka yi aiki da ita shi ne a Super Bowl na watan Fabrairun 2024. San Francisco ta ci kwabo, ta zaɓi fara karɓar ƙwallo, ta sami maki 3. Mahomes ya karɓa daga baya ya kai ta gida, Chiefs ta ɗauki kofi da 25 da 22.

Allen ya zama gwarzon ɗan wasa na kakar 2024, amma a watan Janairun 2024 da na 2025 Chiefs ce ta sake fitar da Bills, da tazarar maki uku-uku.