Kada A Sulale Wa Ɗan Riƙo

Akwai dabarar da kusan kowane gida ya iya: in babba zai yi tafiya, sai a ɗauke hankalin yaro da alewa, a ce masa, "Yaya ta je kasuwa, yanzu za ta dawo." Tausayi ne yake sa a yi haka, amma a ganina cutarwa ce ga ɗan riƙo. Yaron da mutuwa ko saki ko talauci ya raba da uwarsa ya riga ya san mutum yakan fita ya ƙi dawowa. Idan aka kai yayar da take goya shi, take yi masa wanka, ɗakin miji a wani gari ba a gaya masa ba, a wurinsa rabuwar farko ce ta dawo sabuwa. Abin da ya fi ciwo, uwar riƙon da ya fara sakin jiki da ita, ita ce ta yi masa ƙaryar.

Za a ce ai yaro ne, kwana biyu zai manta, ga shi ma ya daina kuka. Wannan hujjar an daɗe da gwada ta. A farkon shekarun 1950 John Bowlby da James Robertson sun bi halin ƙananan yaran da aka raba da iyayensu a asibitocin Ingila. Sun ga yaro yakan fara da kuka da bore, sai ya yanke ƙauna, daga baya ya yi shiru ya daina kula kowa. Ma'aikatan asibiti suna ɗaukar shirun nan a matsayin sabo, alhali fid da rai ne. Fim ɗin da Robertson ya ɗauka a 1952, na wata yarinya 'yar shekara biyu, yana cikin abin da ya sa aka sassauta dokar ziyarar iyaye. Kukan da muke gudu ranar sallama ya fi wannan shirun sauƙin magani, domin mai kuka yana sa ran za a rarrashe shi.

Saboda haka a gaya masa tun da sauran kwanaki. A bar shi ya taya haɗa kaya, mai tafiyar ta yi masa sallama ido da ido, ta bar masa ko da ɗankwalinta ne. Ƙaramin yaro bai san "wata mai zuwa" ba, amma ya san Juma'a bayan an sauko masallaci. A tsayar da wannan lokaci don ta riƙa kiransa a waya, kada a saɓa. Sannan a amsa tambayar da ba zai iya furtawa ba: "Ba laifinka ba ne, kai kana nan, nan ne gidanku."

Masu tsoron kada a shagwaɓa shi, ko 'ya'yan gida su ga an fifita shi, suna da tasu gaskiyar, domin adalci tsakanin yara wajibi ne. Sai dai fitsarin kwance da ya dawo, da ƙin cin abinci, da maƙale wa zanen uwar riƙo duk inda ta nufa, ba sangarci ba ne, tsoro ne, kuma bulala ƙara shi take yi. A irin waɗannan makonni ne gajiya take sa a ce, "In ba ka daina ba zan mayar da kai inda aka ɗauko ka." Ɗan cikinka zai ji irin wannan barazana ya wuce, don ya san babu inda za a kai shi. Ɗan riƙo kuwa zai gaskata, tunda an taɓa yi masa.