Jirgin da Aka Kulle a Kwali Ba a Adana Shi Ba

A kasuwar tsofaffin ƙananan jiragen ƙasa na wasa, wanda ya fi kowane tsada shi ne wanda bai taɓa hawa layi ba. Dillalan Turai da Amurka sun kafa wannan ƙa'ida, masu tara kayan kuma sun karɓe ta har ta zama kamar addini: a sayi jirgi, a bar shi cikin kwalinsa na asali, a jira farashi ya hau. Suna kiran wannan ɗabi'a adana tarihi. Sunan bai dace da ita ba, domin ɓoye jari ce, kuma tana cikin abubuwan da ke halaka kayan da take iƙirarin karewa.

Tarihin kayan da kansa ya isa shaida. Kamfanin Märklin, wanda aka kafa a garin Göppingen na Jamus a 1859, ya yi fice ne a 1891 lokacin da ya nuna a bajekolin Leipzig wani tsari na layukan dogo masu daidaitaccen faɗi, ta yadda yaro zai sayi kan jirgi bana, ya ƙara tarago baɗi, duka su hau layi ɗaya. Joshua Lionel Cowen ya kafa Lionel a Amurka a 1900. Frank Hornby na Liverpool ya fitar da jiragensa masu sifirin, waɗanda ake murɗa wa makulli kamar agogon dā, a 1920, sannan kamfaninsa ya kawo ƙananan Hornby Dublo a 1938. Hikimar da waɗannan maƙera suka zuba tana cikin motsi ne: yadda haƙoran ƙarfe ke cizon juna, yadda ƙafafu ke riƙe layi a kan kwana, yadda kan jirgi ke jan taragai ba tare da ya kife ba. Wanda ya ga jirgin a tsaye bayan gilashi ya ga fentinsa kawai.

Kasuwa ta auna abin da wata fuska dabam. Ƙungiyar masu tara jiragen wasa ta Amurka, wadda aka kafa a 1954 a jihar Pennsylvania, tana da ma'auni mai hawa goma. Hawa na goma na sabon da ba a taɓa amfani da shi ba ne, na ɗaya kuma na tarkacen da ba su da amfani sai a cire musu sassa. Har kwalaye da takardu suna da nasu ma'aunin. An yi wannan tsari da kyakkyawar niyya, don mai saye ya san abin da zai biya wa kuɗi. Amma da zarar an ɗora farashi a kan rashin taɓawa, kowane zagaye da jirgi ya yi a kan layi ya zama hasara, kuma mai hankalin ciniki zai hana shi motsi har abada.

Da a ce kwali yana tsayar da zamani, da hujjar masu kullewa ta yi ƙarfi. Ba ya tsayarwa. Ƙafafu da gangar jikin jirage da yawa da aka ƙera tsakanin shekarun 1920 da na 1950 an zuba su ne da gaurayen tutiya. Idan ɗan darma ya shiga cikin narkakken ƙarfen a masana'anta, abin da ake kira annobar tutiya yakan biyo baya: ƙarfen ya kumbura, ya tsattsage, daga bisani ya marmashe. Laima tana gaggauta cutar, kuma ba ta da magani. Jiragen Hornby na kafin yaƙin duniya na biyu sun sha fama da ita. Ba ruwanta da ko an yi wasa da jirgi ko ba a yi ba, a cikin kwalin ma tana ci. Mai fito da kayansa a kai a kai shi ne zai ga tsagar farko, ya ɗauki hoto, ya auna sashen, ya sa a zuba masa madadinsa tun siffar tana nan. Mai kullewa kuwa sai bayan shekara ashirin zai buɗe ya tarar da gari, ya yi ihu bayan hari.

Sauran sassan ma haka suke. Man giris da ya daɗe a zaune yakan daskare ya kama haƙoran injin. Robar da ke rufe tsofaffin wayoyin lantarki takan bushe ta farfashe, abin da ke mai da tsohuwar taransifoma haɗari ga duk wanda ya jona ta bai duba ba. Soson da aka shimfiɗa cikin wasu kwalaye na baya-bayan nan yakan ruɓe ya manne wa fenti. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke bayyana ga wanda ya rantse ba zai ɗaga murfi ba.

Akwai hasarar da ta fi ta ƙarfe girma. Masana'antar Hornby da ke titin Binns a Liverpool ta rufe a 1979, kuma waɗanda suka yi aiki a cikinta suna ƙarewa. Sanin yadda ake sauya karyayyen sifirin, ko sake naɗa wayar ƙaramin inji, ko dawo da ƙarfin maganaɗisun da ya yi sanyi, yana hannun tsirarun dattawa ne. Irin wannan sani ba ya rayuwa sai da aiki. Idan babu jirgin da ke gudu, babu wanda zai lalace, babu mai kai gyara, babu yaron da zai zauna kusa da bakanike ya koya. Kasuwar da ke ɗaukaka kwali tana rage darajar duk jirgin da hannun mai gyara ya taɓa, alhali shi ne ya hana dubbansu zama tarkace. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Masu kullewa suna da amsa, kuma ta cancanci a saurare ta. Sukan ce gudu yana cin ƙafafu, hannu yana goge fenti, kuma abin da ya goge ba ya dawowa. Gaskiya ne. Akwai kayan da hakkinsu shi ne a bar su bayan gilashi: samfurin gwaji da bai shiga kasuwa ba, ko jirgin Märklin mai fentin hannu wanda 'yan ƙalilan suka rage irinsa. Sai dai waɗannan ba su ne akasarin abin da ke cikin ɗakunan ajiya ba. Lionel da Hornby sun ƙera kayansu da ɗimbin yawa, har ana lissafa Lionel a matsayin kamfanin kayan wasa mafi girma a duniya a farkon shekarun 1950. A ɗauki dokar da ta dace da abu ɗaya tilo a shimfiɗa ta kan kayan da suka cika kasuwa, wannan dabarar ƙirƙiro ƙaranci ce don farashi ya tashi.

Farashin da ya tashi kuma yakan gayyato algus. A 1957 Lionel ya fitar da jirgi don 'yan mata, mai kai ruwan hoda da taragai masu launuka masu haske. Bai karɓu ba, saboda haka kaɗan aka yi, kuma ƙarancin ya sa daga baya ya yi tsada ƙwarai. Da yake akwai baƙin kan jirgi irinsa sak da yawa, sai maha'inta suka riƙa yi masa fentin ruwan hoda suna sayarwa a matsayin na asali. Ga sakamakon bautar kamanni: an lalata jirgi na gaskiya don a haifi na ƙarya. Haka nan mai kishin da ke kankare tsohon fenti don jirginsa ya yi ƙyalli, garin neman gira yake rasa ido, domin ƙujewar da ke jikin tarago shaida ce ta yaron da ya yi wasa da shi. Gyara na gaskiya shi ne wanda ya tsaya ga abin da ya zama dole, aka rubuta abin da aka sauya, aka ajiye tsohon sashen tare da jirgin.

Hanya madaidaiciya tana nan, ana kuma bin ta. Gidan adana kayan wasa na Brighton a Ingila, wanda aka buɗe a 1991 a ƙarƙashin tashar jirgin ƙasa ta garin, yana da shimfiɗar tsofaffin jirage na shekarun 1930, kuma yakan ware ranakun da ake tayar da su a gaban jama'a. Gudu kaɗan ne, a hannun masu sani, bayan an duba mai da wayoyi. Jiragen suna nan lafiya, masu kallo kuma suna ganin abin da aka ƙera su dominsa.

Abin da ya faru a Stamford a watan Mayun 2019 ya nuna inda kariyar gaskiya take. Wasu matasa sun fasa zauren makarantar da ƙungiyar Market Deeping ta shirya bajekolinta, suka ragargaza aikin shekaru. Cikin 'yan kwanaki jama'a suka tara fiye da fam dubu ɗari, mawaƙi Rod Stewart shi kaɗai ya ba da fam dubu goma. Mutane sun buɗe aljihu ne saboda kayan na masu fito da su a gani ne. Tarin da ke kulle a ɗakin mutum ɗaya ba shi da irin waɗannan masoya. Ranar da mai shi ya rasu, magadan da ba su taɓa ganin jirgin yana gudu ba za su kira mai gwanjo, a rarraba kayan, bayanan da ke kan marigayin kuma su bi shi kabari.

Saboda haka nauyin da ke kan mai tara waɗannan kaya a fili yake. Ya ajiye su inda babu laima, ya riƙa buɗe kwali yana dubawa, ya rubuta asalin kowane jirgi da duk gyaran da aka yi masa. Waɗanda irinsu ya yi ƙaranci ya bar su su huta. Sauran ya ɗiga musu mai, ya ɗora su a kan layi, ya kira 'ya'yansa da na maƙwabta su riƙe makullin da hannunsu.