Ƙishirwar tashar nukiliya

In an ambaci tashar nukiliya, ya mai karatu, guba ke faɗo maka a rai. Amma a Indian Point, arewa da birnin New York, ƙishirwa ta yi ɓarna. Don sanyaya injuna, tashar kan zuƙi ruwan kogin Hudson wajen lita miliyar 9 kullum. Ƙwai da ƴaƴan kifi su shige, manya su manne ga ragar bakin bututu, har da esturgeon mai gajeren hanci, wanda dokar Amurka ke karewa tun 1967.

A 2010 jihar New York ta hana takardar izinin ruwa, sai an gina hasumiyoyin sanyaya ruwa. Kamfani ya ce tsada, kai ka ce kifin kyauta ne. Ba a gina ba har aka rufe tashar a 2021.