Wasiƙa Zuwa ga Masu Baddala Labari: Kada Ku Mai da Scrooge Marowacin Barkwanci

Zuwa ga marubuta wasan kwaikwayo na rediyo da na dandamali, da masu rubuta labarin fim, da mafassara.

Na rubuto muku ne a kan wani ɗan ƙaramin littafi na Ingilishi, wanda ko ba daɗe ko ba jima wani daga cikinku zai ɗauko shi ya sa masa rigar Hausa. Sunansa A Christmas Carol, Charles Dickens ne ya rubuta shi, aka buga shi a Landan ran 19 ga Disamba 1843, kuma kwafi 6,000 na bugun farko suka ƙare kafin ranar Kirsimeti. Labarin wani tsohon ɗan kasuwa ne mai busasshiyar zuciya, Ebenezer Scrooge, wanda fatalwar abokin cinikinsa Jacob Marley ta zo masa a daren jajibirin Kirsimeti, sannan wasu ruhohi uku suka biyo baya, suka nuna masa jiyansa da yau ɗinsa da gobensa, gari ya waye ya zama wani mutum daban. Tun a Fabrairun 1844 aka fara nuna shi a gidajen wasa na Landan, a 1901 aka yi masa fim na farko, daga nan kuma babu wanda zai iya ƙirga sau nawa aka juya shi. Abin da nake son in ja hankalinku a kai shi ne, yawancin masu juyawar sun riƙe fata sun zubar da nama, kuma ramin da suka faɗa yana nan yana jiran ku.

Baddalawa ba baƙon abu ba ce gare mu. Abubakar Imam ya ɗebo daga Dare Dubu da Ɗaya da tatsuniyoyin Turai ya gina Magana Jari Ce, Ahmadu Ingawa ya ɗauko gwarzon Rasha ya mai da shi Iliya Ɗan Maiƙarfi, Bala Abdullahi Funtua ya ba mu Gandun Dabbobi. Saboda haka ba zan ce muku ku tsaya kan dusar ƙanƙara da hazon Landan ba. Ku canza suna, ku canza gari, ku canza tufafi, duk wannan halak ɗinku ne. Tambayar da ta kamata ku fara yi wa kanku ita ce: mene ne laifin Scrooge?

Amsar da ta fi zuwa baki ita ce rowa, kuma a nan haɗarin yake. Muna da marowaci shiryayye a wasanninmu, Alhajin nan mai ƙirga yankan nama a tukunya, mai kulle buhun shinkafa a ɗakinsa, wanda da ya fito sai 'yan kallo su fashe da dariya. Wanda ya ɗora Scrooge a kan wannan siffa ya kashe labarin tun fitowar farko, domin babu mai kallon irin wannan Alhaji ya ga kansa a cikinsa. Scrooge na Dickens mutum ne mai hankali, mai cika alkawarin ciniki, wanda sa hannunsa ke da daraja a kasuwa. Bai ci kuɗin kowa ba, bai karya doka ba. Da wasu dattawa biyu suka shigo ofishinsa neman taimako domin talakawa, hujja ya kawo musu: yana biyan harajin da ake tafiyar da gidajen yari da gidajen aikin gajiyayyu, to wanda ya rasa ya tafi can, wanda ya gwammace mutuwa kuwa ya mutu a sami sauƙin yawan jama'a. Wannan magana ce da masu ilimi da masu mulki na zamanin suke yi a fili. Dokar talakawa ta 1834 ta tsara cewa mai ƙarfi a jika ba zai sami tallafi ba sai ya shiga gidan aiki, inda ake raba miji da mata, a raba uwa da ɗa, kuma da gangan aka tsananta zaman gidan don kada kowa ya yi sha'awarsa. Ra'ayin Thomas Malthus, cewa haihuwar talaka ta fi abincin da ƙasa ke iya samarwa, shi ke bayan wannan tunani. Ashe laifin Scrooge shi ne ya sami hujjar da ta ba shi damar kwana da natsuwa alhali maƙwabcinsa na kwana da yunwa. Irin wannan mutum yana cikin 'yan kallonku, sanye da kaya masu tsabta, kuma shi Dickens ya nufa.

Tarihin marubucin ya tabbatar da haka. A 1824 aka kulle mahaifinsa a kurkukun Marshalsea saboda bashi, shi kuma yana ɗan shekara 12 aka tura shi aiki a masana'antar man goge takalmi, yana liƙa takarda a jikin kwalabe. A 1842 da 1843 wani kwamitin gwamnati ya fitar da rahotanni kan yaran da ke aiki a ramukan haƙar kwal da masana'antu, abin da ke ciki ya girgiza Dickens har ya ƙudurta rubuta ƙasidar kira ga mutanen Ingila domin ɗan talaka. Daga baya ya fasa, ya ga labari zai fi ƙasida dukan zuciya. A kakar 1843 ya ziyarci makarantar yara marasa galihu ta Field Lane a Landan, a farkon Oktoba ya yi jawabi a Manchester kan ilimin ma'aikata, sannan ya zauna ya rubuta littafin cikin kamar mako shida. Ƙasidar da ya fasa ba ta ɓace ba, tana nan a ƙarshen babi na uku, inda ruhu na biyu ya buɗe rigarsa sai ga yara biyu, namiji da mace, ramammu, masu kama da namun daji saboda wahala. Namijin sunansa Jahilci, macen Rashi, ruhun ya ce 'ya'yan ɗan Adam ne, ya kuma ce a fi jin tsoron namijin. Da Scrooge ya tambaya ko ba su da mafaka, sai aka mayar masa da maganarsa ta gidan yari da gidan aiki.

To ku duba yadda masu fim suka yi da yaran nan. Fim ɗin kamfanin MGM na 1938 ya cire su, ya cire Belle, budurwar da ta rabu da Scrooge saboda son kuɗi ya maye gurbinta a zuciyarsa, sai labarin ya zama na wani tsoho mai ɓacin rai da ya koyi fara'a. Zanen Disney na 1983 da fim ɗin 'yar tsana na Muppet na 1992 su ma ba su nuna yaran ba. Fim ɗin 1951 da Alastair Sim ya fito a ciki ya riƙe su, haka na 1984, inda George C. Scott ya fito da Scrooge a matsayin ɗan kasuwa mai sanyin jini, mai jin daɗin hujjarsa, kuma a ganina wannan ne ya fi kusa da abin da ke takarda. Na MGM yana faranta rai, a tashi a manta. Na 1984 yana bin mutum har gida.

Abu na biyu da ake yawan zubarwa shi ne albashi. Akawun Scrooge, Bob Cratchit, sule 15 yake ɗauka a mako, da shi yake ciyar da mata da 'ya'ya shida, cikinsu har da ƙaramin nan gurgu, Tiny Tim, wanda ruhu na biyu ya ce in al'amura ba su canza ba kujerarsa za ta zama wayam. Masu baddalawa suna son ƙare labarin a kan ƙaton talotalon da Scrooge ya aika gidan Bob, a zauna a ci a yi waƙa. Dickens bai tsaya nan ba. Ya kai mu washegarin biki, ranar aiki, a cikin ofis, inda Scrooge ya ƙara wa Bob albashi, ya yi alkawarin tallafa wa iyalinsa, ya ce a ƙara wuta a ɗakin da akawun ya daɗe yana rawar ɗari. Tun a baya ma an shimfiɗa wannan, lokacin da Scrooge ya ga tsohon maigidansa Fezziwig, ya tuna cewa maigida na da ikon sauƙaƙa wa yaransa aiki ko ya mai da shi azaba. Talotalo na kwana ɗaya ne, albashi kuwa na kowane mako. In kun mai da labarin garinmu, kada ku rufe shi da rabon shinkafa da atamfa a ƙofar gida ana ɗaukar hoto. Ku kai mu shago bayan an gama biki, mu ga abin da ya canza tsakanin maigida da yaron shagonsa.

Na san akwai masu cewa Dickens da kansa ya yi irin yankan da nake suka. Gaskiya ne. Daga 1853, da ya fara karanta labarin a gaban jama'a a Birmingham, har zuwa 1870 shekarar rasuwarsa, ya yi ta rage shi, kuma yaran nan biyu suna cikin abin da ya ajiye. Amma ku lura da waɗanda yake karanta wa: mutane ne da littafin ke gidajensu, gidan aikin gajiyayyu kuma yana bakin titin da suka bi suka zo. Mai sauraronku a Zariya ko Maraɗi ko Kumasi, wataƙila abin da kuka ba shi shi ne kaɗai abin da zai taɓa sani game da labarin. Abin da kuka yanke, a wurinsa bai taɓa wanzuwa ba.

Wasu kuma za su ce ai labarin yara ne, bai kamata a tsorata su ba. Dickens bai rubuta shi domin yara kaɗai ba, labarin fatalwa ya kira shi, irin wanda iyali ke zama su saurara a daren hunturu. Masu zane da masu fim ne suka tura shi ɗakin yara. Ko da kuwa domin yara kuke yi, ku tuna yaranmu da Dodo da mayu aka yaye su a tatsuniya, kuma yaron da ke wucewa ta gefen sa'ansa mai riƙe da kwanon bara kullum safiya ba zai suma don ya ga Jahilci da Rashi a allo ba. Abin da ake ragewa domin yaro shi ne tsawo da wuyar harshe. Gaskiyar labari kuwa haƙƙinsa ce. Akwai ma abin da zai ja yaro a jikin Scrooge, wato hoton ƙuruciyarsa, an bar shi shi kaɗai a makarantar kwana lokacin hutu, babu abokin hira sai Ali Baba da ya fito masa daga cikin littafi. Wannan fitowa ta isa ta nuna inda zuciyar ta fara bushewa, ba sai kun ƙirƙiro masa wani bala'i ba, kamar yadda fim ɗin 1951 ya ƙara cewa mahaifiyarsa wajen haihuwarsa ta rasu.

Sai batun addini, wanda ba zan kauce masa ba. Labarin na Kirsimeti ne, kuma akwai ɗimbin Kiristoci masu magana da Hausa da za su karɓe shi yadda yake. Wanda ke rubuta wa Musulmi zai iya tsayawa a kan matacce da ya dawo yana jan sarƙa, kuma yana da hujja. Mafita tana cikin littafin: cikin baƙin huɗu Marley ne kaɗai matacce, sauran ukun ba mutane ba ne, kuma Scrooge a gadonsa ya farka, don haka mafarki zai ɗauki nauyin duka. Sharaɗin shi ne ku gane aikin baƙin nan. Ba su doke shi ba, ba su yi masa dogon wa'azi ba, na ukun ma ko uffan bai ce ba. Nuna masa kawai suka yi. Ya ga 'yan kasuwa na hirar mutuwar wani mutum, wanda ashe shi ne da kansa, ɗaya na cewa zai je jana'iza in akwai abinci. Ya ga masu yi masa hidima sun kwashe labulen gadonsa da rigar da aka sa wa gawarsa sun kai wa dillali. Ya ga wasu ma'aurata da mamacin ke bin su bashi sun sami sauƙin numfashi da jin rasuwar. A al'ummar da ake auna mutum da yawan sahun jana'izarsa da shaidar da maƙwabta suka yi masa, wannan babi ba ya bukatar ƙarin gishiri. Kada ku musanya shi da malami mai nasiha ta minti goma.

Suka mafi nauyi ita ce wadda George Orwell ya taɓo a maƙalarsa kan Dickens, cewa gyaran zuciya yake nema, bai kawo tsarin da zai maye gurbin wanda yake suka ba. Haka ne, tuban attajiri ɗaya bai rufe gidan aiki ko ɗaya ba. To amma wannan ma dalili ne na riƙe yaran biyu, domin su ne kaɗai ba a warware matsalarsu a ƙarshe ba. Tiny Tim ya rayu, Bob ya sami ƙari, su kuwa ba a sake ambatonsu ba, Dickens ya bar su a hannun mai karatu. In kuka cire su, sukar Orwell ta zauna daram a kan aikinku.

Abu na ƙarshe gajere ne. A Janairun 1844 wasu masu maɗaba'a suka yi wa littafin wankiya suka sayar da arha, Dickens ya kai su kotu ya yi nasara, suka ce sun karye, kuɗin shari'a ya dawo kansa. Yau haƙƙin mallakar littafin ya daɗe da ƙarewa, babu mai bin ku ko kwabo. Saboda haka ina roƙon ku, ku rubuta sunan Charles Dickens a farkon aikinku, ku ba Scrooge hujjarsa cikakkiya ya faɗe ta da bakinsa, ku bar yaran nan biyu su fito, sannan ku kai mu ofis washegarin biki. Allah Ya yi muku jagora.