Kyautar Ƙasar Waje Bashi Ce a Wuyan Shugaba

A watan Mayun 2025 gwamnatin Amurka ta karɓi jirgin sama ƙirar Boeing 747 daga Qatar, mai darajar kusan dala miliyan 400, domin Shugaba Donald Trump ya riƙa hawa. Masu kare lamarin na cewa kyauta ce tsakanin aminai, mayar da hannun kyauta kuma wulaƙanci ne. Wannan hujja ta samu karɓuwa har a wajen mutanenmu, amma ba ta da tushe.

Waɗanda suka rubuta kundin tsarin mulkin Amurka a 1787 sun san halin sarakunan Turai na cika jakadu da alheri. Benjamin Franklin kansa ya dawo daga Faransa da kyautar Sarki Louis na 16 mai ado da lu'ulu'u, sai da majalisa ta ba shi izini ya riƙe ta. Shi ya sa suka haramta wa duk mai riƙe da muƙami karɓar kyauta, kuɗi ko sarauta daga wata ƙasa ba da yardar majalisa ba. Ba su ce sai an kama shi da cin amana ba, karɓar kawai suka hana. A 1840 Sarkin Maskat ya aiko wa Shugaba Martin Van Buren dawakai da lu'ulu'u. Ya miƙa maganar ga majalisa, aka sayar da dawakan, kuɗin ya shiga baitulmali. Zumuncin ƙasashen bai lalace ba.

Hausawa na cewa yaba kyauta tukwici. To, da me shugaba zai yi tukwicin jirgi? Ba daga aljihunsa zai fitar ba. Da cinikin makamai zai biya, ko da kawar da kai ranar da ya kamata ya tsawata. Talakan da ba a shawarta ba shi zai ɗauki nauyin.

An ce gwamnati aka ba jirgin, ba Trump ba. In haka ne, me ya hana a kai gaban majalisa kamar yadda Van Buren ya yi? Kotu ma ba ta raba gardama ba: a Janairun 2021 Kotun Ƙoli ta rufe ƙararrakin da aka shigar kan kuɗin da otal-otal ɗin Trump ke samu daga gwamnatocin waje, saboda ya riga ya sauka daga mulkinsa na farko.

Duk shugaban da ya karɓi irin wannan kyauta ba da izinin wakilan jama'a ba ya karya amanar da aka damƙa masa, ko da bai saka wa kowa da komai ba.