Ɗan Fansho da Kayan Gwanjo: Ina Abin Kunya?

Tun da na yi ritaya bayan shekara 35 a aikin gwamnati, ba abin da ke yi mini daɗi kamar zagaya Kasuwar Katako a Jos ranar da aka kwance sabuwar dila. Da sassafe nake zuwa, in ɗaga riga in duba ɗinkin wuya da na hammata, in yi ciniki a tsanake, tunda yanzu ba mai jirana a ofis. Rigar sanyin da ta fid da ni hunturun bara ma can na same ta.

Amma wasu tsofaffin abokan aikina sukan sulale in sun hango idon sani a layin 'yan gwanjo. Wai bai kamata a ga tsohon darakta yana tonon dila ba. 'Yan'uwa, ina abin kunya a nan? Tun da aka janye tallafin man fetur a 2023, kuɗin mota da na abinci suka yi sama, suka bar fansho a baya. Maganin hawan jini kuwa ba ya jira.

Abin kunya shi ne dattijo ya ci bashi ya ɗinka shadda domin a gan shi ran Lahadi, ya komo gida babu hatsi a buhu.

Sai dai mu yi hattara, araha takan ruɗi mutum. Abin da ba ka bukata, ko naira 100 ne, ya yi tsada. Wanda ka saya kuma, a wanke, a shanya a rana, a goge kafin a sa. Iya kuɗinka, iya shagalinka.